Kwalbar Godiya a Akwatin Afia Nyarko

A ƙauyen Bomsu, in mace ta fara kukan ciwon gwiwa a bakin famfo, akwai wadda take fatan kada ta ji. Maame Afia Nyarko ke nan. Ba mugunta gare ta ba, baki ne kawai Allah ya ba ta wanda bai san kwana ba. Sai ta sauke bokitinta, ta dubi mai kukan sama da ƙasa, ta ce, "To, tsufa ya fara aiko da gaisuwa. Me kika dasa masa?" In kin ce 'ya'ya, ta ce 'ya'ya ƙafa gare su. In kin ce adashi, ta ce adashi ai na zanen Kirsimeti ne. In kuwa kika kuskura kika ce banki ko fansho, sai ta nuna miki gidan Ticha Boadu da leɓe, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana shaƙar alli, ga shi yanzu duk ƙarshen wata sai ya ɗaura taye ya hau mota zuwa Goaso karɓar abin da kuɗin motar ke cinye rabinsa. Ita abu ɗaya ta yarda da shi, bishiyar koko. Bishiya ba ta tafiya Kumasi neman aiki, ba ta aure, kuma ba a wayi gari an ce gwamnati ta daina karɓarta ba.

Wannan tsoron tsufa ba daga sama ya faɗo mata ba. A nan ɗa na dangin uwarsa ne, gadon namiji kuwa ɗan 'yar'uwarsa ke ci. Afia tana da shekara goma sha biyu ubanta ya rasu, magaji ya zo ya karɓi gona da gida, uwarta ta naɗe tabarma ta ɗauki tukunya biyu suka koma garinsu, gidan wan uwar. Aka ba su lungun da ake tara itace a bayan madafa. Ba wanda ya zage su, ba wanda ya hana su abinci. Amma duk yamma in an miƙo kwano, uwar sai ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode. Ta gode wa matar gida, ta gode wa mai gida, ta gode wa wadda ta kawo kwanon ko da jikarta ce a haife. Matar da ta yi shekara ashirin tana ciyar da gida guda da guminta, ta ƙare tana godiya a kan ƙanzo. Shekara tara tana haka kafin ta mutu a lungun. Tun daga nan kalmar ta fita ran Afia. Ta rantse a zuciyarta cewa ita ba za ta tsufa tana karɓar kwano ba.

Ta auri Kwaku Tabiri ta biyo shi Bomsu. Mutum ne mai sanyin hali, mai yawan dariya, irin wanda ko akuya ta shiga masa gona sai ya lallashe ta ta fita. Yana noman wani yanki na ƙasar danginsu da kawunsa ya nuna masa tun yana saurayi. Da farashin koko ya faɗi warwas, kowa ya kama hanyar Legas, shi ma ya bi ayari ya je yana ɗaukar bulo, ya bar ta da gona da 'yarsu Konadu a goye. A shekarar gobara da yunwa, wuta ta taso daga daji ta lashe gonakin Bomsu cikin wuni biyu. A shekarar kuma aka koro su Tabiri daga Legas. Ya dawo da jaka mai ratsi-ratsi da rediyon da ba ya kama ko'ina, ya je gona ya tarar da toka har idon sawu, ya nemi kututture ya zauna.

"Baban Konadu, tashi," in ji Afia. "Tokar nan taki ce."

Ya tashi, a gaskiya. Ya yi sara, ya yi haƙa, suka farfaɗo da filin da ke kwance. Amma akwai wani tudu da ke gangarawa zuwa rafi, shi ya ce a bar shi, tsayinsa ya yi yawa, ko biri sai ya huta sau biyu kafin ya kai sama. Afia ta ce ita tana so. Ta fara dasa agade don inuwa, ta cusa gwaza da rogo a tsakani don a samu na bakin salati, sannan ta bi da 'yan tsiron koko da ta rena a bayan ɗaki cikin ledoji. Da rani ta riƙa hawa da ruwa daga rafi, daro a kai, sawu ashirin kafin rana ta take. A kan tudun nan ta yi ɓarin ciki wata biyar, ita kaɗai, ta share jikinta da ganye ta gangaro gida da ƙafarta. Daga shi ba ta ƙara samun wani ba. In an yi mata jaje takan ce 'ya'yanta suna nan a kan tudu, ɗari tara da wani abu, kuma duk ta san su ɗaya bayan ɗaya.

Shekara goma bayan gobara, tudun ya rufe ruf, sai ka shiga da tsakar rana ka ɗauka magariba ce. Wata Laraba Tabiri ya ce ta biyo shi. Ya riƙo dami na ɗan itacen nan mai dogon ganye da ake dasawa a kan iyaka, wanda ko an sare shi sai ya tofo. Ya fara daga gindin wani tsohon rimi, yana soka su a ƙasa taku goma-goma har bakin ruwa. Da ya gama ya goge hannu a wando.

"Daga nan zuwa rafi naki ne, Afia. Na ba ki, har bayan raina. Na riga na gaya wa babbanmu Nana Dankwa, ya ce ya amince, dangi ba za su ƙi ba. Saura ki kawo aseda."

Aseda godiya ce, kowa ya san yadda ake yin ta. Wanda aka yi wa kyautar ƙasa ya zo da kwalbar giya da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya tara dangin mai bayarwa da nasa shaidu, mai kyauta ya faɗa da bakinsa, wanda aka ba ya rusuna ya gode, a zuba wa kakanni nasu a ƙasa, a zagaya da ƙoƙo kowa ya kurɓa. Shi ke nan. Ba ya cin rabin safiya. Nana Dankwa, babban dangin su Tabiri, tsoho ne mai son Afia, don shi ya sha cewa da za a samu mata uku irinta da Bomsu ta yi kwalta.

Ran kasuwa Afia ta je Goaso ta sayo kwalbar, koriya mai kusurwa huɗu, ta ainihi, ba irin wadda ake ɗurawa a bayan tasha ba. Aka sa rana, Lahadi bayan an taso coci. Ta wanke zanenta mai kyau ta shanya.

Ran Asabar sai ga Pomaa, ƙanwar Tabiri, ta shigo wai aron taɓarya. Pomaa irin matan nan ne da ba sa zagi, sai dai su yi maka dariya ka kwana uku kana jin zafinta. Ta ga zanen a kan igiya ta taɓa bakinsa.

"Wannan za ki sa gobe? Kayya, ki nemi tsohon zane, tsakar gidanmu da tsakuwa. Rusunawar kuma ba ta gaggawa ba ce, sai kin bi mu ɗaya-ɗaya."

"In bi ku in yi me?"

"Ki gode mana. Ƙasar kakanninmu fa za a yanka a ba baƙuwa. Ni dai in kin zo kaina ki ɗan ɗaga murya, kunnena na hagu ba ya ji sosai."

Afia ta ajiye wuƙar da take feraye rogo da ita. "Pomaa, ranar da nake hawan tudun nan da daro a kai da ciki a gaba, ina kakanninku suke? Toka na tarar. Ke da bakinki kika ce mahaukaciya ce ke shuka a kan dutse. Yanzu ni zan gode? Wa ya kamata ya gode wa wa?"

"Oho dai. Ni taɓarya na zo ara."

Pomaa ta ɗauki taɓarya ta fita tana 'yar waƙarta. Afia ta zauna, rogo a gabanta, ba rogon take gani ba, uwarta take gani da hannu biyu a miƙe. Ta tashi ta ɗauki kwalbar ta naɗe ta a tsohon ɗankwali, ta buɗe akwatin ƙarfenta ta tura ta can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa da ƙwayoyin kafur. Da Tabiri ya dawo ta ce ya aika a gaya wa Nana Dankwa ba ta jin daɗi, a ɗaga.

Ya gane ba jiki ba ne. Ya zauna a bakin ƙofa yana lallashi, abin da ya fi iyawa ke nan.

"Afia, ba don ni ba ne, ba kuma don Pomaa ba. Giyar nan kunnuwa ake saye da ita. Wanda ya kurɓa ba ya iya cewa bai ji ba."

"Duk Bomsu wa bai san wadda ta dasa tudun nan ba?"

"Sun sani. Amma ba su sha ba."

"To su zauna da ƙishirwarsu. Ba a biyan mutum haƙƙinsa a ce ya durƙusa."

Abin da ke da ciwo a labarin Afia ke nan. Macen da take hango shekara talatin a gaba kamar tafin hannunta, safiya ɗaya ta gagare ta tsallakewa. Kuma ba wauta ba ce, don da za a bi gaskiya tsantsa, ita ke da ita. Sai dai ba a zama a tsakar gidan dangi don a tambayi wa ke da gaskiya.

Nana Dankwa bai yi fushi ba. Duk sanda ya gan ta za ta wuce da kwando sai ya ɗaga sandarsa. "'Yata, maƙogwarona fa ya bushe." Ta ce, "Nana, bari a gama girbi." Girbi ya wuce ya ce, "Afia, ƙishirwar nan za ta kashe ni." Ta ce bari Ista ta wuce. Ta ɗauka wasa ne irin na tsofaffi, alhali mutumin gaya mata yake yi kwanakinsa sun ƙare, kuma wanda zai hau kujerarsa ba irinsa ba ne. Shekara shida yana roƙon kurɓi ɗaya. Da ya rasu Afia ta fi kowa kuka a wurin makoki, ta ba da gudummawar da aka yi ta zancenta, kwalba kuwa tana nan a akwati.

Shekarun da suka biyo baya masu kyau ne, kuma su suka ƙara rufe mata ido. Tudun yana ba da buhu goma sha biyu, wata shekara sha biyar. Ita ke girbe abinta, ita ke fasawa, ita ke shanya a tabarma tana juyawa da hannu, sai dai a rumfar awo da katin Tabiri ake aunawa, don gida ɗaya kati ɗaya ya isa, in ji ta, shi kuma bai taɓa riƙe mata ko sisi ba. Da kuɗin ta koya wa Konadu ɗinki ta saya mata keke, ta aurar da ita Kumasi. Ragowar duk a gindin bishiya take mayar da shi: feshi, taki, cire tsofaffi a dasa sababbi. Ba ta sayi fili a garinsu ba. Ba ta gina ɗaki ko ɗaya da sunanta ba. Aminiyarta Maame Fosua, mai tuyar ƙosai a bakin tasha, ta sha ce mata ta raba ƙafa.

"Ke da kike mana wa'azi a famfo, duk abinki a wuri ɗaya kika zuba. Ki fito da kwalbar nan a sha a huta."

"Fosua, shekara nawa ina cin gonar nan? Wa ya taɓa tare ni?"

"Mai tare miki yana da rai, shi ya sa."

Tabiri ma yakan tuna mata, shekara-shekara, yawanci in an dawo daga jana'izar wani sa'ansa. Daga baya ya gaji ya daina. Shi mutum ne da bai iya matsa wa kowa ba, wannan kuma shi ne nasa laifin.

Wata safiya, shekara ashirin da uku bayan dasa iyakar, yana wasa adda a bakin dutse sai addar ta faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi a bayan mota kamar buhu. Ido kawai ke aiki. A kwana na huɗu Afia tana ba shi kunu da cokali, ta lura idonsa ba ya kanta, yana kan akwatin ƙarfe. Ta juya ta dubi akwatin, ta juyo ta dube shi, sai ta gane kwalbar yake nufi.

A ranar ta aika aka kira Nana Sekyi, wanda ya gaji kujerar Nana Dankwa, da Pomaa, da Fosua, da Ticha Boadu. Suka cika ɗakin. Ta warware ɗankwalin, takardar jikin kwalbar ta yi ja don tsufa. Ta faɗi abin da ya tara su.

Nana Sekyi ba azzalumi ba ne, amma mutum ne mai bin abu yadda aka gada. Ya matsa kusa da gado ya ce, "Kwaku, matarka ta ce ka ba ta tudun rafi. Haka ne? Faɗa mu ji."

Tabiri ya buɗe baki. Wani gurnani ya fito, yawu ya biyo gefen haɓarsa. Ya sake yunƙurawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Hawaye ya gangaro ya shiga kunnensa.

"Ga shi yana cewa e," in ji Fosua. "Ku dubi idonsa."

Pomaa ta gyara zama. Ta tsufa ita ma, amma dariyar tana nan. "Ni dai ban ji komai ba. Wataƙila fitsari yake ji. A bar bawan Allah ya huta, ba a zo da giya kan marar lafiya ba."

Nana Sekyi ya miƙe. "Maame Afia, mayar da kwalbarki. In ya samu sauƙi ya yi magana, ko da tsakar rana kika kira ni zan zo."

Bai samu sauƙi ba. Ya yi wata biyu yana kallon akwatin, sannan ya tafi.

Aka yi makoki cikin jajaye da baƙaƙen zannuwa, aka yi kiɗa, aka ci aka sha. Ran arba'in dangi suka zauna suka naɗa magaji, Oduro, ɗan Pomaa, direban tasi a Kumasi. Afia ta san shi tun yana zuwa hutu da ƙazuwa a ƙafa, ita ke dafa masa ganye tana wanke masa. Aka lissafa abin da mamaci ya bari: gida, bindigar farauta, zannuwa, gona tun daga hanya har rafi. Afia ta miƙe ta ce ban da tudu.

"Mun ji," in ji Nana Sekyi. "Wa ya sha?"

"Nana Dankwa ya sani. Shi ya amince."

"Nana Dankwa yana inda ba a aika masa sammaci. A cikin masu rai, wa ya sha?"

"Itacen iyaka yana nan, kowa ya je ya gani. Mijina ya dasa da hannunsa."

"Maame, itace yana nuna inda gona ta rabu. Ba ya faɗin dalilin rabuwar. Ina tambaya ta uku, kuma ba don in wulaƙanta ki ba. Akwai wanda ya kurɓi godiyarki a nan?"

 Mutum sittin ne a zaune, ba wanda bai ga Afia da daro a kan tudun nan ba, ko bai ji daga bakin uwarsa ba. Duk suka sunkuyar da kai. Ba ƙarya suka yi ba, ba su sha ba.

Konadu ta ce ba za ta yarda ba, akwai doka, yanzu ba zamanin da ba ne. Ta ja uwarta har Kumasi wurin wani lauya da ke zuwa cocinsu. Mutumin ya saurare su da kyau, ya ce dokar da Konadu ke nufi tana nan, tana kare mata da 'ya'ya, amma a kan abin da mutum ya samu da kansa. Ya tambaya ko Tabiri sayen ƙasar ya yi. Suka ce ta dangi ce. Ya tambayi takarda, babu. Katin awo, sunan mamaci. Shaidun kyauta? Afia ta dubi ƙasa. Ya ce ana iya shiga kotu a nemi ladan wahalarta, amma su shirya shekaru, su shirya kuɗi, kuma shi ba zai yi musu alkawarin komai ba. Ya rako su har ƙofa bai karɓi ko kwabo ba, wannan ma ya isa amsa.

Ta kwana uku a wurin Konadu. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, miji da mata da 'ya'ya huɗu da keken ɗinki. Surukin yana da kirki, shi ya bar mata katifa ya koma benci a baranda. Da safe ta ga Konadu tana ƙara ruwa a miya tana waige kada a gani. A rana ta uku babbar jikarta ta kawo mata kwano, Afia ta ga hannayenta biyu sun miƙe da kansu. Ta dube su kamar na wata. Washegari ta hau motar Bomsu.

Garinsu kuwa ba abin komawa ba ne. Shekara arba'in da barinta, waɗanda suka san ta sun mutu, gidan kawun nata jikoki sun raba shi. Abin da zai rage mata a can ta san shi, ta san har inda itacen yake jingine.

Oduro ya zo ƙarshen wata. Ya ba wani mutumin arewa gonar ya kula da ita a kan kashi ɗaya cikin uku, don shi ba zai bar tasi ba, yana da 'ya'ya biyar a makaranta. Ya sami Afia a tsakar gida, ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Maame, ni ban manta ba. Wofa ma ba zai so a ce na kore ki ba." Wofa yake kiran marigayin, wato kawu. "Manyan ɗakunan zan sa 'yan haya, malaman makaranta. Amma ɗakin baya, na kusa da madafa, ki zauna har iyakar ranki. Gwaza da agaden da ke kan tudu kuma ki riƙa ɗiba na ci. Kokon ne dai..." Bai ƙarasa ba.

Ta ce ta ji. Shi ma ya samu hanya ya fice.

Da yamma Fosua ta zo ta tarar da ita tana kwashe itacen da ke ɗakin bayan. Ta taya ta suka share, suka kashe kunama biyu, suka jawo akwatin ƙarfe suka kai lungu. Fosua ta zauna a kansa tana haki.

"Afia, zan faɗi magana, in kin ga dama ki zage ni. Yaron nan direba ne, kullum yana kan titi. In wani abu ya same shi gobe, wani ɗan Pomaa ne zai gaje shi. Ɗakin nan da gwazar nan, wa ya ji ya ba ki?"

Afia ba ta zage ta ba. Ta dubi bangon da hayaƙi ya baƙanta. Shekararta sittin da huɗu, gwiwoyin da take tsokanar mata a kansu sun fara aiko mata da tasu gaisuwar, kuma duk duniya ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta sai wannan lungu. Ta ji tsoro, irin wanda ba ta ji ba tun tana 'yar shekara goma sha biyu.

"Tashi mini daga kan akwati," ta ce.

Aka sa Lahadi bayan an taso coci. Ta ɗaura zanen nan mai kyau, wanda ya sha ninki har layin ya zauna. Fosua da Ticha Boadu suka zo mata shaida, tsohon da tayensa. Oduro ya miƙe ya faɗa da bakinsa: ɗakin baya, da gwaza, da agade, har iyakar ranta. Nana Sekyi ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana saurayi. Murfin ya ƙi buɗuwa sai da aka sa wuƙa. Ya zuba wa kakanni a ƙasa, ya kira sunayensu, ya kira Dankwa, ya kira Kwaku Tabiri. Ƙoƙo ya zagaya, kowa ya kurɓa. Pomaa ta kurɓa ta lashe leɓe ta ce lallai ajiya ta karɓe ta.

Sannan Afia ta fito tsakiya. Tsakuwar tana nan yadda aka faɗa mata. Ta dafa gwiwoyinta ta rusuna a gaban yaron da ta wanke wa ƙazuwa, leɓunanta suka motsa.

Nana Sekyi ya karkato da kai. Ba da izgili ya yi maganar ba, so yake abin ya zauna daram yadda ba mai tayar da shi.

"Maame Afia, ɗaga murya. Shaidu ba su ji ba."

Ta ɗaga, har na bakin ƙofa suka ji.

"Na gode."